Dutsen Da Bai Yi Gumi Ba

Matar yayana Mehrun tana tsince shinkafa a tsakar gida, Umma na naɗe ganyen pan na taunawa, sai ga Baffa Kutub, ƙanin mahaifinmu, ya faɗo ko sallamar kirki babu.

"Damina biyu kenan!" ya ce. "Jirgin da ya tashi bayan nasu ya je tashar Fasai ya dawo har sau biyu. Me kuke jira?"

Mu a Kambayat, garinmu na bakin teku, dutsen kabari muke sassaƙawa. Mu zana ayoyi da hoton fitila a kan farin dutse, mu bar gurbin suna fili, jirage su kwashe su kai ƙasashen da ba mu taɓa gani ba. Babanmu Usta Jamal da Yaya Tahir sun raka duwatsu ashirin a jirgi zuwa Fasai, tun ran nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Biyu suka rage a rumfarmu ta sassaƙa, jingine da bango, kowanne da gurbinsa.

Baffa ya nuna ni da sanda. "Firoz, ɗauki guduma. Ɗaya na ubanka, ɗaya na yayanka. In an sa suna alƙali zai raba gado, Mehrun kuma ta shiga takaba ta koma gidansu. Akwai wani attajirin alharini da ke son rumfar."

Mehrun ta ajiye faifai. "Baffa, wa ya ga gawa?"

"Kifi ya gani! Ki je ki tambaye shi!"

"To in kifin ya zo ya ba da shaida, zan cire awarwarona na aure da hannuna."

Umma ta fashe da kuka. "Ke 'yar nan, ki rufa mana asiri, babba ne fa!"

Abin da Baffa bai sani ba, tun watan da jirgin ya ɓace, ɗaya daga cikin duwatsun nan yake gumi. Kullum da hantsi, sa'ad da ruwan teku ke shigowa gari da gudu kamar garken dawakai, sai ɗigo ya tsattsafo daga gurbin sunan, ya gangaro ta kan fitilar. Na taɓa lasawa — gishiri ne. Ɗayan kuwa, ga shi kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa, ƙayau yake, har da ɗumi kamar wanda aka tashi daga kansa yanzu.

Na nuna wa Mehrun. Ta daɗe da tafin hannunta a kan busasshen, sannan ta ce a hankali, "Ɗaya yana ruwa, ɗaya yana tudu."

"Wane ne a ina?"

Ta janye hannunta ta koma ciki. Ni ma ban so ta amsa ba. Ta yaya mutum zai zaɓa tsakanin uba da wa?

Daga ranar ta mai da gindin busasshen dutsen wurin zamanta. Can take tsintar shinkafa, can take ɗinki. Matan unguwa suka sa ta a baki.

"Amaryar dutse, ina kwana? Angon ya yi magana yau?"

"Bai yi ba," takan ce. "Ya fi mazajenku hankali."

Baffa ya hana a ba ta sabon zane. Ya aika wa iyayenta cewa ta taɓu, suka zo ɗaukarta, ta riƙe ƙofa tana hawaye. "Da zai tafi cewa ya yi in jira shi a nan. Bai ce damina nawa ba."

Rannan Baffa ya tsare ni a rumfa da rana tsaka, ya danƙa mini guduma. "Ka rubuta, ko ka bar gidan nan yau!"

Allah ya yafe mini, na ɗora ƙarfen sassaƙa a kan busasshen dutsen. Mehrun ta shimfiɗa hannunta a kan gurbin.

"Fara da yatsuna, ƙanina."

Na ɗaga guduma. Sai na ji ɗigo yana sauka — ɗis, ɗis — alhali ruwa ya janye tun ɗazu. Jiƙaƙƙen dutsen ne ke zuba, har gishirin ya taɓa takalmin Baffa. Ya ja da baya, fuskarsa ta yi fari, ya fita yana salati. Bai sake taka rumfar ba.

Damina ta uku ta wuce. Wata safiya wani mutum ramamme ya tsaya a ƙofa yana ɗingishi, gemunsa har ƙirji. Umma ta ce a ba shi sadaka. Mehrun kuwa faifai ne ya suɓuce mata, shinkafa ta watse.

"Kin tsufa," ya ce wa Mehrun.

"Kai kuma ka yi kyau, ko? Shigo, tun yaushe abincinka ke hucewa."

Sai ta durƙushe tana kuka irin wanda ba ta yi ba shekara uku.

Yaya Tahir ya ce jirgin ya fashe kusa da wani tsibiri. Katako ɗaya suka samu shi da Baba, ba zai ɗauki mutum biyu ba. Baba ya dube shi, ya ce ya gaida gida, ya saki. Shi kuma ruwa ya jefa shi tsibirin, sai bana wani jirgi ya ɗauko shi.

Ni na sassaƙa sunan Baba a kan jiƙaƙƙen dutsen. Kwana uku na yi a kan haruffan da nakan gama kafin azahar. Da na kai harafin ƙarshe dutsen ya bushe, bai ƙara gumi ba. Har yau nakan shafa gurbin da hantsi, ina fata in ji laima.

Hannuna ya fi sanin guduma da alƙalami, amma na rubuta wannan don samari da 'yan mata. Kada kwaɗayin rumfa ko gado ya sa ku binne mai rai. In kun yi alkawarin jira, ku jira, ko gari duka ya kira ku mahaukata. Haƙurin Mehrun ya dawo mata da mijinta, ni kuma ya hana hannuna kashe yayana a kan dutse.

Busasshen yana nan jingine da bango, gurbinsa fili. 'Yar Yaya Tahir da Mehrun ce ke hawa kansa tana cin mangwaro.