Cediyar Gwadabe

Tun da sassafe Hansai take kan hanyar rijiya, tulu a ka, ƙafa duk faso. Sahu goma sha ɗaya take yi kullum, domin cediya goma sha ɗaya ce jere a ƙofar garinsu, gabas da Gaya. Shekarar da maharan Ningi suka faɗo wa garin aka dasa su, kowace da sunan namiji guda da ya bi sawun mahara bai dawo ba. To, maza goma sha biyu ne ba su dawo ba. Na sha biyun shi ne Gwadabe, mahaifin Hansai, amma ko tsinke ba a kafa masa ba, don ƙanensa Datti ya rantse gaban dagaci cewa da idonsa ya ga ya yar da baka ya gudu.

Allah sarki marainiya! Baƙin ciki ya kashe uwarta, Datti ya haɗiye gonar, ya kuma ɗora mata ban ruwan bishiyoyin, wai ta wanke abin kunyar ubanta. 'Yan mata na kiranta 'yar matsoraci, samari na kauce mata. Ran nan ta soka ɗan reshe a ƙarshen layin da sunan babanta, Datti ya tumɓuke shi ya zane ta da shi. Sai hawaye... tana faɗin, “Ya Allah, Kai ka san Baba.”

A shekara ta biyar wani ramammen mutum ya shigo gari yana ɗingishi. Ashe Bubayero ne, ɗaya daga cikin sha ɗayan, ya tsero daga bauta! Gari ya taru, har da dagaci, aka kai shi ya ga tasa cediyar, wadda ta fi duka inuwa. Ya shafa ta, ya tambaya ina ta Gwadabe. Aka gaya masa abin da Datti ya faɗa.

Bubayero ya dubi dagaci. “Ranka ya daɗe, da aka sare ni a ƙafa, Gwadabe ne ya tsaya a kaina har kibansa suka ƙare. A cinyata ya yi kalmar shahada. Wanda ya yar da baka kuwa, ga shi can yana raɓewa.”

Datti dai bai sake shiga sahun dattawa ba, gona ta koma hannun mai ita.

Bubayero ya dubi Hansai. “'Yata, ni ina raye, me zan yi da bishiya? Daga yau ta babanki ce.”

Ta rungume cediyar tana kuka, domin a inuwarta ta saba sauke tulu ta huta. Washegari ba wanda ya aike ta. Ta ɗauki tulunta, da cediyar babanta ta fara.