Yaron da Ke Cewa Kashe

"Kashe! Kashe! Kashe!"

Ihun ne ya sa Amarya ta saki almakashi da yadin da take yankawa, ta kwasa da gudu zuwa sashen surukarta, ɗankwali a hannu. Ko a mafarki ta san muryar. Ɗanta ne, Ɗan Lele, mai shekara shida, wanda ta zo da shi gidan nan wata biyar da suka wuce, shekara uku bayan rasuwar mahaifinsa.

Ta tarar da falon Umma a hargitse. Ga kofin shayi a fashe, ga Umma riƙe da damtsenta inda shatin haƙora ya fito raɗau, ga Auta ƙanwar mijinta ta haye kujera kamar wadda ta ga maciji. Shi kuwa yaron ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana buga goshi a bango.

"Kin gani ko?" in ji Auta. "Wallahi Umma yaron nan denjaros ne, haɗari ne! Kashe fa yake cewa! Wa zai kashe?"

Amarya ta nufi ɗanta. Ta zari matashin kujera ta sa tsakanin goshinsa da bango, ta durƙusa a gefensa ba tare da ta taɓa shi ba, ta sassauta murya. "Ina nan. Mu fita." Sau uku ta faɗa, ba ta ƙara kalma ko ɗaya a kai ba. Da kyar ya bi ta zuwa tsakar gida, yana shessheƙa.

Da la'asar maigidan ya dawo daga aiki da jakar kayan gyaransa a kafaɗa. Gyaran lantarki yake yi, shi ya sa duk unguwa ke kiransa Mai Wuta, shi kuma kullum sai ya ce, "Ta duniya dai, don Allah!" Ranar bai samu damar barkwanci ba, domin tun daga ƙofa Umma ta aika a kira shi da matarsa.

"Babana, dubi hannuna," in ji Umma. "'Ya'ya biyar na goya, ko ɗaya bai taɓa ɗaga mini yatsa ba. Yau ɗan da ban haifa ba ya sa mini haƙori, yana kiran kisa a ɗakina. Na yi kawaici, kawaicina ya ƙare. Nan da Juma'a a mai da shi wurin dangin ubansa. In uwarsa ba za ta iya rabuwa da shi ba, hanya a buɗe take."

"Umma, ki yi mini rai," in ji Amarya, hawaye na zuba. "Ba da gangan—"

"Ba da ke nake ba. Da ɗana nake magana."

Mai Wuta ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi wa mahaifiyarsa musu ba, yau ma bai yi ba. "Allah ya huci zuciyarki, Umma," kawai ya ce. Kwana uku ke nan ya rage wa Amarya ta zaɓa tsakanin ɗanta da mijinta.

Ta koma ɗakin ɗinkinta ta zauna a bakin keke. Ɗan Lele yana kwance a ƙarƙashi, inda ya fi so a duniya, yana jera ƙwaryar zare daga babba zuwa ƙarama, kai ka rantse ba shi ne ya tayar da gida ɗazu ba. Ta tuna ranar da Mai Wuta ya fara zuwa shagonta gyaran dutsen guga. Yaron ya kwashe masa sukudirebobi ya jera su a ƙasa, shi kuwa bawan Allah ya naɗe hannu ya jira awa guda cur, wai ba a katse wa mai aiki aikinsa. Ranar ta fara son sa. Yanzu ga shi ya yi shiru a gaban Umma, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ya shigo ya tsuguna a gabanta. "Amaryata, fushi ake da ni?"

"Wane ni. Kayana zan fara haɗawa. Ɗana ba shi da kowa sai ni."

"Yana da ni. Ajiye maganar kaya, ba ni littafin nan naki."

Littafin makaranta ne mai bango shuɗi. Ma'aikaciyar asibitin yara da ke duba Ɗan Lele ta gaya mata tun bara cewa lalurarsa galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim, ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ta ce duka ba ya maganinta, tsawa kuma ƙara mata wuta take yi. Ita ta sa Amarya ta riƙa rubuta duk ranar da ya birkice: a ina ne, su wa ke wurin, me ya faru kafin nan.

Mai Wuta ya bi shafukan da ɗan yatsa, a hankali, yadda yake bin waya a bango. "A aikinmu, fiyus ba ya ƙonewa don mugunta," in ji shi. "In ya ƙone, akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Wawan gyara shi ke sauya fiyus ya tafi, bai nemi dalili ba. Duba nan. Sau goma sha ɗaya ya birkice wannan watan, tara a falon Umma."

"Ba ya son cunkoso ne."

"Ranar Talata fa? Kin rubuta ya zauna a falon har awa biyu lafiya lau, Auta da ƙawayenta suna nan. Me kika sa a ƙasa?"

Ta karanta rubutunta. "An ɗauke wuta, Umma na fifita."

"Ranar Asabar?"

"An ɗauke..." Ta ɗago kai.

"In za mu fita na bar fanka tana juyawa, me kike ce mini?"

"Ka kashe—" Ta dafe baki. Can kuma ta girgiza kai. "Na taɓa zargin haka. Na kashe talabijin, bai daina ba."

"To ba talabijin ba ce. Ruwa dai ba ya tsami banza."

Washegari da hantsi ya je ya durƙusa gaban Umma ya roƙi alfarma ɗaya: a bar yaron ya shiga falon sau ɗaya tak, kowa ya yi shiru, kada a riƙe shi. Umma ta taɓe baki. "In ya sake cizona, kai zan rama a kanka." Auta ta ja kujerarta can bakin ƙofa, wai don in ta ɓaci ta riga kowa fita.

Amarya ta shigo da shi. Taku uku ya yi, sai kafaɗunsa suka ɗaga, hannuwa suka tafi kunne.

"Kashe!"

Mai Wuta ya kashe talabijin. "Kashe!" Ya kashe fanka. "Kashe! Kashe!" Ya zare firiji, ya kashe ƙwan fitila. Yaron ya fara dukan kansa da dunƙule. Amarya ta sa matashi a tsakani, naushi biyu suka sauka a hannunta, ta cije leɓe.

"Ya isa!" in ji Umma. "An kashe komai, ga shi nan yana yi. Na gaya muku—"

"Saura ɗaya, Umma." Mai Wuta ya fita da sauri zuwa akwatin wuta na gidan, ya sauke babban makunni. Ƙas!

Ihun ya tsaya cak, kamar an yanke shi da almakashi.

Babu wanda ya motsa. Ɗan Lele ya sauke hannu ɗaya, ya saurara, ya sauke ɗayan. Ya ja dogon numfashi irin na wanda aka sauke wa kaya. Sannan ya taka a hankali, ya wuce ta gaban Umma, ya je jikin katon kabad ɗinta na tangaran da ke bayan kujerar da take zama kullum. Ya zura ɗan hannunsa ta bayan kabad ɗin ya dafa bango.

"Nan," in ji shi.

Shekara shida Amarya tana rainon yaron nan, ba ta taɓa ganin ya nuna wa wani abu ba.

Mai Wuta da Auta suka ja kabad ɗin gefe. Akwai tsohon soket a wurin, wanda tun da aka kafa kabad ɗin kowa ya manta da shi. Ya kwance shi da sukudireba, sai wani ƙauri ya bugi hancinsu. Wayoyin ciki sun yi baƙi ƙirin, robar ta narke, bayan katakon kabad ɗin har ya fara babbakewa.

"Innalillahi!" Mai Wuta ya zauna daɓas a ƙasa. "Waya ce ta saki, tana tartsatsi a ciki, tana 'yar ƙara siririya. Shekara goma sha biyar ina aikin nan, kullum a falon nan nake gaishe ki, kunnena bai taɓa ji ba. Umma, gadonki fa yana bayan bangon nan."

Umma ta dubi baƙin ramin, ta dubi shatin haƙoran da ke damtsenta. "Jiya hannuna ya kama yana ja," ta ce a hankali. "Na zaci rashin kunya ce. Na make shi, na damƙe shi ƙam, shi ne ya cije ni." "Babana, cetona yake yi?"

"Allah ne masani, Umma. Ban san ko ya san haɗari ne ba. Abin da na sani, ƙarar tana huda masa kai, wata guda yana gaya mana da kalmar da yake da ita. Mu muka ji kisa."

"Sori, Ɗan Lele," in ji Auta, tana share ido da bayan hannu. "Wallahi sori."

Amarya dai kallon ɗanta take yi da wani irin mamaki mai haɗe da tsoron Allah. An ce gani ya kori ji, amma ranar ji ne ya riga gani, kuma a kunnen da aka fi rainawa a gidan.

Mai Wuta ya yanke ƙonanniyar wayar, ya ɗaura sabuwa, ya sa sabon soket, yaron na tsugune a gefensa yana jera masa kusoshi. Da ya gama, Umma ta sauko daga kujera, duk da ciwon gwiwarta, ta zauna a ƙasa nesa kaɗan da shi yadda ta ga uwarsa na yi. Ta rage murya.

"Maigidana, yanzu fa? Me za a yi?"

Bai kalle ta ba, domin kallon ido ba ɗabi'arsa ba ce. Ya karkata kai wajen bango, ya daɗe yana saurare.

"Kunna," in ji shi.

Aka ɗaga makunni, fitila ta kawo, fanka ta juya, hannuwansa suna kan cinyarsa. Umma ta fashe da kuka, ta kamo hannun Amarya. "'Yata, ki yafe mini. Juma'ar nan babu inda jikana zai je."

Kada a ce daga ranar ya warke, don bai warke ba. Har yanzu yakan birkice, wani lokacin har ya kai duka. Amma Mai Wuta ya kawo masa abin toshe kunne irin na masu aikin inji, Auta ta daina kunna waƙa da ƙarfi, Umma kuwa ba ta tayar da injin markaɗe sai ta leƙa ta ce, "Injiniya, zan kunna." Shuɗin littafin nan ma a ɗakinta yake kwana yanzu.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, Amarya kuma ta sha nata. Yaron da ke cizo da duka, sau da yawa magana yake yi da harshen da ya iya. Kafin ka ɗaga masa hannu, tsaya ka tambayi abin da ke ƙona shi a bayan bango.