Gwajin da Mahfuz Ya Tsallake

Kada kowa ya ɓata hawayensa a kan Mahfuz, shi ya jawo wa kansa. Maganin tarin yara yake dafawa a bayan gidansa a Fadaman Mada, amma 'yan sarin kasuwar Muda Lawal suka ce ba sa taɓa kwalbar da ba ta da lambar hukuma. Hukuma kuwa da ta auna, sai ta ce maganin yana iya taɓa ƙoda. Sai an gyara shi, an gwada a jikin waɗanda suka yarda, likitoci na sa ido. Gogan naku ya fito yana kumfar baki, wai baƙin ciki ake masa.

Da rana tsaka ya nufi bayan Tirwun wurin boka. Bukkar tana gindin dutse, jan ƙyalle a ƙofa, ƙahoni rataye, wari kamar mahauta. A tsakiya wata baƙar tukunya tana tafasa, babu wuta a ƙarƙashinta.

"Lamba nake so, Baba, ban da gwaji," in ji Mahfuz.

"Idon ma'aikata zan rufe," in ji boka. "Gwaji kuwa ba a yafe shi. Mutanena za su yi nasu."

"A jikin wa?"

"Ina ruwanka? Ko ka fasa ne?"

"Su yi a jikin uban kowa!"

Boka ya aike shi gida ya ɗebo ƙasar bakin ƙofarsa, ya haɗo da maganin. Boka ya zuba ƙasar a tukunyar, ya tsiyaya maganin a kai. Tafasar ta tsaya cak.

Lamba ta fito, ba wanda ya sake tambayar komai. Motoci suka riƙa lodi, Mahfuz ya ɗora bene, ya daina amsa sallamar maƙwabta.

Sai wata safiya 'yarsa Amatullah ta tashi tana tofar da yawu, ta ce, "Abba, ɗacin maganinka nake ji a bakina." Alhali ko cokali bai taɓa bari a sha a gidan ba, don ya san abin da ya dafa. Ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ɗauke, aka kai ta makwanci. Wanta Umar ya bi ta. Uwarsu Zubaida ta zare, tana bin mutane a titi da cokali tana cewa su buɗe baki.

Mahfuz ya koma Tirwun, ya zube yana kuka.

"Baba, a tsayar! A karɓe lambar!"

"Mutum nawa hukuma ta ce a gwada?"

"Ɗari uku."

"To, biyu aka yi," in ji boka. "In gidanka ya ƙare, akwai dangi."

Yanzu duk gawar da aka ɗauka a zuriyarsu, sai an zo ƙofarsa an tsine masa. Yana zaune a benen shi kaɗai, ya roƙi mutuwa ta ƙi zuwa, don an bar shi ya ga ƙarshen gwajin. Kai mai gaggawar arziki da lafiyar 'ya'yan mutane, ka ji tsoron Allah, naka za a fara ɗauka.