Maganin Ƙuraje Ba Gyaɗa Ba Ne

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, an gina sabon asibiti a Faskari. A garin akwai wata yarinya 'yar aji bakwai, mai kyautar tsiya. Ko gyaɗa ɗaya ta samu, sai ta raba. Damuwarta ɗaya ce: ƙuraje sun cika mata fuska, har ta yi gaba da madubi.

Wata rana wata likita ta zo gwajin sabon man shafawa na ƙuraje. Baban yarinyar ya amince, aka ba ta kwalba guda.

"Ki shafa kaɗan kullum da safe, ke kaɗai," in ji likita. "Bayan wata ɗaya zan duba ko yana aiki."

Washegari ƙawarta Mero ta miƙo yatsa. "Ɗan san mani."

"An ce ni kaɗai."

"Au, yau kuma rowa za ki yi?"

Maganar ta yi mata zafi. Ita a ce mata marowaciya? Nan take ta buɗe kwalba. Mero ta lakata, Bilki ta lakata. Har Lauratu, mai fuska sumul, ta lakata, ta kuwa wuni tana susa. Kafin mako, kwalba ta zama fanko.

Da wata ya cika, Inna ta raka ta asibiti. Likita ta duba ta ce, "Ƙurajen suna nan. Ashe maganin bai yi ba, sai mu bar shi."

 Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ba laifin magani ba ne. Rabar da shi na yi."

"Ɗiyar nan," in ji Inna, "ko takalminta sai ta ba da!"

Likita ta yi dariya, sannan ta ce, "Da kin yi shiru, da na yi wa magani shaidar zur. Kuma abin da ya karɓe ki yana iya cutar da wata."

Da ta ji labarin susar Lauratu, ta sa aka kawo ta ta duba ta, sannan ta ba yarinyar sabuwar kwalba. A hankali ƙurajen suka kwanta.

Ran nan Mero ta sake miƙo yatsa. Yarinyar ta zuba mata gyaɗa a tafin hannu.

"Wannan ita ake rabawa," ta ce. "Magani kuwa na wanda likita ta ba ne."