Abin da Aka Rubuta a Fayil ɗin Cordelia

A taron tsofaffin ɗaliban wata jami'a Ruben Salcedo ya fara ganinta. Malamin lissafi ne a sakandaren gwamnati, aikin hutu ya kai shi jigilar dattawa a ƙaramar mota. Cordelia Whitlock ta shigo riƙe da hannun kakanta, ta tambaye shi wace shekara ya gama.

"Ban ma fara ba. Ni na zo na ɗaya a garinmu, jami'arku ta ce babu gurbi."

Tun daga ranar bawan Allah bai sake samun sukuni ba. Tana kiransa Malamina, yana kiranta Kodi.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta ya ce atafau bai yarda ba. Gidansu kaka da jika a wannan jami'ar suka yi karatu, ga Preston ɗan abokinsa yana jira. Cordelia ta ce a kai kasuwa.

Sai kuma ɗif, ta ɗauke wuta. Kwana goma sha biyu babu kira babu amsa. Ruben ya rame, yana rubutu a allo yana leƙen waya, har ɗalibai suka fara tsokanarsa. Ya gama sallamawa cewa Preston ya yi nasara, sai ga saƙo:

"Malamina, na je na nemi fayil ɗina na shiga jami'a. Shekara ɗaya muka nema, makina bai kai naka ba. A gefe an rubuta: jikar mai ba da gudummawa, a ɗauka. Kujerarka na zauna. Da wane ido zan kalle ka?"

Abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya. Ya zaga filin makaranta sau uku kafin ya amsa:

"Kodi, ba ke kika rubuta ba. Kujera ta wuce, ke ce ba zan iya rasawa ba. Fito, ina tafe."

A zauren makarantar da Ruben ke koyarwa aka yi bikin. Mahaifinta, tsoho Whitlock, da ya sauko da ƙyar, ya miƙe ya yi wa ango albishir cewa 'ya'yan da za su haifa sun samu gurbi a jami'ar tun ba a haife su ba.

Cordelia ta matse hannun mijinta.

"Baba, layin da ake rubuta sunan iyaye a fom ɗin shiga jami'a, fanko za su bar shi. Albarka kawai muke so."

Tsohon ya dubi 'yarsa, ya dubi angon. Sannan ya sa musu albarkar.