Tutar da Auta ta Yayyanka

Auta yarinya ce mai rawar kai. Kafin ka rufe baki, ta riga ta tashi a guje.

Wata rana Malama ta ce kowa ya kawo tsumman goge allo. Auta ta ce a ranta sai nata ya fi na kowa. Da ta koma gida, ta tarar Kaka ta fita. Ta jawo tsohon akwatin da ke ƙarƙashin gadon Kaka. Can ƙasa ta ga wani ƙaton ƙyalle shuɗi, duk faci ne, ya koɗe.

"Kai! Wannan ai ya ishi aji guda," in ji ta.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauko almakashi, ƙaras, ƙaras, ta yayyanka shi. Washegari ta raba wa 'yan ajinsu. Har tafi aka yi mata.

Da yamma sai aka ji salati daga ɗakin Kaka.

"Innalillahi! Ina tutar? Wa ya taɓa mini tuta?"

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Yaya ma ya shigo. Dawowarsa ke nan daga babban kantin da yake aiki.

"Kaka, ni ce," in ji Auta. "Na ɗauka tsumma ne. Muna goge allo da shi."

Kaka ta zauna daɓas a ƙasa. Hawaye suka zubo mata. Auta ta tsorata ƙwarai, don ba ta taɓa ganin kukan Kaka ba.

Can Kaka ta ɗaga hannunta na dama, wanda babu yatsu biyu.

"Ƙawata, me ya cinye waɗannan yatsun?" ta tambayi Auta.

"Kin ce ɓera ne."

"Wasa nake miki. Injin masaƙa ne."

Auta ta zaro ido. "Inji?"

"Ina budurwa a lokacin. Jini na zuba, mai masaƙa ya ce in naɗe hannun in koma aiki. In ba haka ba, in tafi gida, kada in dawo."

"Haba!" in ji Yaya.

"Sai matan da muke aiki tare suka kashe injuna duka. Kowace ta yanki ƙyalle daga rigar aikinta. Muka ɗinke su, suka zama tuta. Duk wadda ta sa ƙyallenta ta yi alkawari ba za ta bar 'yar'uwarta ita kaɗai ba. Haka muka kafa ƙungiyar ƙwadago."

Yaya ya saki baki. "Kuka kashe injuna? Ba a kore ku ba?"

"Mutum ɗaya ake kora, ɗan nan. Wa zai kori masaƙa guda? Mun sha yunwa a yajin aikin, amma sai da aka sa wa injuna murfi. Aka ba mu ranar hutu, aka biya mini magani."

"Mu a kantinmu ko kujera ba a ba mu," in ji Yaya. "A tsaye muke wuni. Ban taɓa jin wannan labarin ba!"

Umma ta sunkuyar da kai. "Laifina ne. Na sani, ban gaya muku ba."

"Masaƙar ta rufe," in ji Kaka. "Ofishin ƙungiya ya koma shagon sayar da waya. Ƙawayena duk sun rasu. Tutar ce kawai ta rage mini."

Auta ta fashe da kuka.

Da safe ta tsaya a gaban aji, kunya kamar ta nutse. Ta faɗi abin da ta yi. Malama tana cikin goge allo, sai ta tsaya cak. Ta dubi ƙyallen da ke hannunta.

"Subhanallahi! Rigar wata baiwar Allah nake goge allo da ita?"

Nan da nan yara suka tattaro ƙyallayen. Auta ta wanke su tas, ta shanya. Ranar hutu Malama ta zo gidansu Auta da 'yan ajin. Suka zauna suna ɗinki, Kaka na nuna kowane ƙyalle tana faɗin mai shi.

Amma da aka gama, sai ga rami a tsakiyar tuta. Ƙyalle ɗaya ya ɓata. Auta ta sake ɓata fuska za ta yi kuka.

Yaya ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar rigar aikinsa. Ya yanki ƙyalle ya miƙa wa Kaka.

"Ka san alkawarin da ke ciki?" in ji Kaka.

"Na sani. Gobe zan yi magana da abokan aikina."

Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙa wa Auta allura. "Ungo, sarkin almakashi, ke za ki ɗinka."

Daga ranar Auta ba ta ƙara taɓa kayan kowa ba sai ta tambaya. Ta kuma gane cewa hutu da haƙƙin da ma'aikata ke samu, wasu ne suka haɗa kai suka sha wuya kafin a same su. Bai kamata a manta da su ba.