Akwatin Wasiƙun Barira

Son sani ne ya kai Barira shagon kwamfuta na Gyallesu a 1999. An ce mata wani saurayi ɗan Kusfa, Isma'ila, ya haɗa shafi a intanet, mutum ya cike fom da kansa, nan take ya samu akwatin imel.

"To ina akwatin yake?" ta tambaye shi, tana leƙa bayan na'urar.

Ya yi murmushi, ya nuna wata kwamfuta a lungu. "Duk wasiƙun suna cikin waccan. Sa sunanki nan, sai kalmar sirri." Ya kau da kai har ta gama.

Washegari ta tarar da saƙo daga Isma'ila: "Sarkin tambaya, akwatinki fayau. A ba ni izini in riƙa ziyara?"

Ta amsa: "An ba ka, amma da sallama."

Kafin wata shida, ai magana ta yi nisa. Shi ya ce "Haskena", ita ta ce "Malamina", kowa ya kamu.

Sai ga Shehu, ɗan maƙwabtansu a Ƙofar Jatau, wanda ya daɗe yana sonta. Ya kai wa mahaifinta, Malam Jumare, gulmar cewa Isma'ila karanta wasiƙun jama'a yake yi. Malam kuwa ya san masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, da yadda sirrin gari ke zuba daga bakinsu. Ya ce sam ba zai ba irinsu 'yarsa ba. Barira ta yi kuka har ta gaji.

Amma shi ma Malam akwai son gani da ido. Ranar Asabar ya je shagon, ya cike fom ɗin da yatsa ɗaya, sannan ya dubi Isma'ila.

"Yaro, kana iya buɗe akwatin kowa?"

"Ina iyawa, Malam."

"Madalla. Buɗe min na Barira in ga abin da kuke rubutawa."

Isma'ila ya dubi kwamfutar da ke lungu. Ya san in ya ƙi, wataƙila ya rasa ta ke nan. Ya sunkuyar da kai.

"Ka gafarce ni, Malam. Amana ce. Ita kaɗai za ta buɗe maka."

Malam ya saka takalminsa ya fita.

Kwana uku Isma'ila yana jiran abin da zai biyo baya. A na huɗu, yana dawowa daga sallar la'asar, ya tarar da saƙo daga akwatin Malam Jumare:

"Wanda ya hana ni sirrin 'yata zai riƙe min ita. Ka turo magabatanka."

A ƙasa Barira ta ƙara: "Ni na buga masa, Malamina."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a zauren Malam. Da kansa ya yi addu'a: "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba." Jama'a suka ce amin.